Kanta, Rumbun Mujallu ko Google Scholar: Wanne Za Ka Ba Lokacinka?

Ɗalibin da aka ba mako uku ya kawo takardar bincike, abin da zai kashe a laburaren kwaleji lokacinsa ne, kuma ba shi da yawa. Ga haja an baje masa iri-iri: littattafan kanta, rumbunan mujallu na intanet da makaranta ke biya wa kuɗin shekara, kundayen digirin waɗanda suka gabace shi, ga kuma Google Scholar, shafin Google na neman maƙalun ilimi, a wayarsa. Kafin ka taya, ka tambayi kanka: tushen magana kake nema, ko abin da masana suka gano bara da bana?

In tushen magana ne, ka fara da kanta. Littafi ɗaya mai kyau zai shimfiɗa maka fagen, ya nuna maka su wane ne manyan fannin da inda suka saɓa, abin da maƙala ashirin ba za su yi maka ba. Lambar da ke manne a gadon bayan littafi ita ce adireshinsa. A tsarin jera littattafai na Dewey, wanda ya fito a 1876, an kasa ilimi gida goma daga 000 zuwa 999. Fannin koyarwa yana 370, likitanci 610. Wasu laburaren kuma tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka suke bi, mai haruffa, inda L ke nufin koyarwa, R likitanci. Da ka sami littafin da katalog ya ba ka, kada ka juya nan take. Dubi na damansa da na hagunsa, don maƙwabtansa duk zance ɗaya suke yi. Sau da yawa wanda na je nema ba shi nake fita da shi ba, sai na kusa da shi mai ƙura a ka. Aibin kanta shi ne tsufa. Buɗe bayan shafin farko ka ga shekarar bugu. A tarihi littafin shekara talatin yana nan da ƙarfinsa, a ilimin kwamfuta kuwa ya zama tsohon zance.

Rumbunan mujallu su ne kaya mafi tsada da laburare ke saye, kuma su ne ɗalibai suka fi wucewa ba ko kallo. Sai dai kowanne da irin hajarsa. JSTOR, wanda aka kafa a 1995, gwani ne a tarihi, adabi da nazarin zamantakewa, yana kuma ajiye mujalla tun daga fitowarta ta farko. Amma galibin mujallunsa ba sa shiga sai bayan shekara uku zuwa biyar da bugawa, saboda haka mai neman binciken bana ya yi ɓatan kai a can. PubMed na fannin lafiya ne, kyauta ne ga kowa, sai dai sau tari taƙaitaccen bayani kawai zai nuna maka. Scopus da Web of Science aikinsu nuna wa ya ambaci wa. Da su ake bin sawun magana, ba su ke riƙe da maƙalar kanta ba. Abin da ya fifita rumbunan nan shi ne tacewa: kana iya cewa a ba ka maƙalun da masana suka tantance kaɗai, na shekara biyar da suka wuce, a fanni kaza. Wahalarsu kuma koyo ce. In ka zuba musu doguwar jimla sai su ce babu. Kalma biyu ko uku suke so, kuma yawanci da Turanci.

Google Scholar, da ya fito a 2004, ya fi su duka sauƙin hannu, kuma mahaɗin nan da ke ƙasan kowace maƙala mai nuna waɗanda suka ambace ta ya isa dalilin amfani da shi. Amma komai yake kwasowa, da tsaki da tsakuwa: maƙalar ƙwarai, daftarin da ba a tantance ba, da mujallun da ke buga duk abin da aka biya su. In mujallar kyauta ce kuma ba ka san ta ba, duba ko tana cikin DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. In kuma shafi ya tare ka ya ce sai ka biya, kada ka zaro katinka. Shiga da sunanka da kalmar sirrin makaranta tukuna, wataƙila an riga an biya. In babu, tambayi ma'aikacin laburare ko suna aro daga wasu laburaren; yakan ɗauki kwanaki, shi ya sa ba a barinsa sai daren miƙa aiki.

Kundayen digiri kuwa, ka karanta babin hanyar bincike da jerin manazarta na ƙarshe, ka bi asalin littattafan da kanka. Kuskuren mai kundi yakan bi wanda ya kwafa.

Da ni aka ba mako ukun nan, kwana biyun farko a kanta zan yi su, sannan in je teburin ma'aikacin laburare da taken bincikena a rubuce, in ce ya nuna mini rumbun da ya dace da fannina da yadda ake shigarsa daga gida. Duk abin da na samu kuma in jefa shi cikin manhajar Zotero tun a ranar. Kyauta ce, tana tsara manazarta, ga shi takwararta EndNote sai an saya in makaranta ba ta biya ba.