Ciyawar jema, dutse ko kwandon waya: me za ka saya don tare zaizayar ƙasa a gonar gangara?

Jos na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, kuma ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Duk mai noman dankalin turawa ko acca a gangaren Bokkos, Mangu ko Barikin Ladi ya san jan ruwan da ke fita daga gona bayan an yi mamako. Ƙasarsa ce da takinsa ke tafiya.

Amma ba ruwa kaɗai ke kwasar ƙasa ba. Duk huɗar da aka yi, garma na tura ƙasa zuwa gindin gangara, shi ya sa kan tudu ke zama tsakuwa, gindinsa kuma ya yi kauri. Faifan tarakta ya fi garmar hannu yin wannan ɓarna. Don haka kafin ka biya kuɗin haya, ka tambayi direba ko zai yanka gangarar a kwance. In ya ce sai dai ya bi ta sama da ƙasa, gara ka nemi 'yan ƙwadago su yi maka kunya a gicciye.

A wurina jema ce ta fi cancantar kuɗinka. Saiwarta na nutsawa har mita 3, ba ta bazuwa cikin gona, kuma ƙasar da ta tare tana taruwa a bayanta har ta zama mataki. A dasa ta a jere da farkon damina, tazarar santimita 10 zuwa 15. Sayi mai ɗanyar saiwa, wadda aka tumɓuke kwanan nan. Sai dai tana buƙatar damina ɗaya ko biyu kafin ta haɗe, kuma wanda ya bar giɓi a layi ya buɗe wa ruwa ƙofa.

Jeren dutse kuwa yana aiki tun ruwan farko. Mutanen ƙabilar Kofyar ta jihar Filato sun daɗe suna noman duwatsunsu da shi. Idan dutsen na cikin gonarka, kuɗin aiki kawai za ka biya. Idan sai tifa ta kawo, lissafin ya sauya.

Buhun yashi na gaggawa ne, rana na cinye shi. Kwandon waya da ake cikawa da dutse ya fi duka tsada, ka bar shi sai inda kwari ya riga ya tsage, kuma ka duba wayar ta zama wadda ba ta tsatsa.