Manhajar koyon Bridge: wadda nake ba mai farawa, da tarkunan da ke kan hanya

Tun sanyin bara da muka fara zaman Asabar a gidan Kawu a Rayfield, mu huɗu da kwalin karta ɗaya da butar shayi, tambayar da ta fi zuwa mini a waya ita ce wace manhaja mutum zai sauke ya koyi Bridge. Na amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya har na ga gara in rubuta gaba ɗaya. Ba zan ɓoye ba, ina da gwanata, kuma za a gane ta kafin a yi nisa.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba: mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokin wasansa. Kati 52 ake rabawa, kowa ya samu 13. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi tayi, kamar a kasuwar shanu, kowane ɓangare yana faɗin ci nawa zai iya yi cikin 13 (ci ɗaya shi ne zagaye guda da kowa ya jefa kati ɗaya, wanda katinsa ya fi ƙarfi ya kwashe) da kuma nau'in katin da zai zama mai yanka, wato mai doke sauran nau'o'i: kulob, daimon, hat, sifed, ko kuma babu mai yanka sam. Wanda tayinsa ya tsaya shi ya ɗauki alkawari. Da zarar an jefa katin farko, abokinsa ya baje katunansa a fili ya naɗe hannu. A Turance dummy ake ce masa, mu a gidan Kawu ɗan kallo muke cewa. Tsarin makin da ake bi yau Harold Vanderbilt na Amurka ne ya shimfiɗa shi a 1925. Na san abin da ke ran wasu da sun ji kalmar karta, domin mu nan mun fi sanin Whot da kuma caca ta bayan kasuwa. Akwai masu sa kuɗi a Bridge kamar yadda ake sawa a ƙwallo, amma wasan gasa ba haka yake ba: rabon kati iri ɗaya ake ba kowane tebur, a ga wa ya fi iya sarrafa shi. Har a gasar wasannin nahiyar Asiya ta 2018 a Jakarta an buga shi. Mu dai ko kwabo ba ma sawa.

Ma'aunina na farko daga wuya na samo shi. Makona na biyu da koyo na shiga wani tebur na intanet da baƙi uku. Ina riƙe da alkawari aka ɗauke wuta, sabis ya tafi tare da ita. Kafin in dawo abokin wasana, wani bawan Allah daga wata ƙasa, ya rubuto mini maganar da ba zan maimaita ba, ya tashi. Na yi kusan wata ban ƙara taɓa kati ba. Shi ya sa duk manhajar da aka kawo mini, abin da nake fara tambaya shi ne: idan na yi minti biyar ina tunani, ko sabis ya yanke, akwai ɗan Adam da ke jirana? In akwai, ba ta mai farawa ba ce. Sai na biyu: in na yi kuskure, za ta nuna mini inda na karkace, ko maki kawai za ta rubuta ta raba sabon kati?

Bridge Master ita ce ta amsa duka biyun, kuma ita ce gwanata. Fred Gitelman ne ya ƙirƙire ta, ɗan Kanada kuma gwanin wasan, wanda shi ne ya kafa Bridge Base Online, wato BBO, a 2001. Yanzu tana cikin BBO ɗin, a sashen da aka rubuta Practice. Rajista kyauta ce, kuma ni ban biya komai ba kafin in fara buga ta. Mataki biyar gare ta, daga na ɗan koyo har na zakarun duniya. Ba ta wahalar da kai da tayi. An riga an yi shi, an ce maka ga alkawarinka, ga katinka, ga na ɗan kallo, bismillah. Kai kaɗai ne da na'ura. Ka tashi ka yi salla ka dawo, babu mai harararka.

Abin da ya sa na riƙe ta hannu bibbiyu shi ne ba ta barin sa'a ta rufa maka asiri. A sauran manhajoji kana iya bin hanyar banza ka ci, domin sarkin da kake tsoro ya faɗo a inda kake so, ka tafi kana ganin ka iya. A nan kuwa katunan abokan hamayya ba a kafe suke ba. In ka bi gurguwar hanya, sai manhajar ta jera su yadda dole ka faɗi. Hanyar da ta fi daidai ce kaɗai ke kai ka gida. Bayan ka faɗi kana iya sake gwadawa sau nawa ka ga dama, ko ka danna a nuna maka amsa kati bayan kati da dalilin kowane ɗaya.

Bari in ba da misalin irin darasin da ke ciki, domin shi ne ya gyara mini wasa. An ce ka yi ci 9 ba tare da mai yanka ba. Ka ƙirga ka ga kana da 7 tabbatattu a manyan katunanka. A daimon kana da sarki da sarauniya da jak, amma es yana hannun abokan hamayya. Hannun mai koyo ƙaiƙayi yake yi, sai ya fara kwashe bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya don ya ji daɗi. Da ya gama sai ya jefa daimon, su karɓa da es, su tarar ya buɗe musu ƙofa a kowane nau'i, su kwashe sauran. Daidai shi ne ka fara da daimon tun manyan katunanka na tsare da ƙofofi, ka bar su su ci es ɗinsu, biyun da suka rage su zama naka. Bakwai da biyu, tara ke nan. Kawu ya sha faɗa mini haka da baki, amma sai da na faɗi sau uku a jere a gaban na'ura abin ya zauna.

Ranar da na nuna masa a kwamfuta na ce, "Kawu, ku duba, duk inda na bi sai ta kayar da ni." Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ai ɗana wannan malami ne. Da muna da irinsa lokacin da muke karatu a Ingila, da ba mu sha faɗan abokan wasa ba."

Aibinta guda ne, ba ta koyar da dokoki daga tushe, ba ta kuma koyar da tayi. Wanda bai san komai ba sai ya fara da 'yar'uwarta, Learn to Play Bridge, ita ma aikin Gitelman ce, ƙungiyar Bridge ta Arewacin Amurka, ACBL, ta bayar da ita kyauta. Ta kwamfuta mai Windows ce, tsohuwa ce, fuskarta ba ado, amma tana ɗaukar mutum daga yadda ake bin nau'in kati har zuwa ƙirgen makin da ake auna ƙarfin hannu da shi: es 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimla 40 a kwali, kuma kai da abokinka in kun haɗa wajen 25 kuna iya neman babban alkawari. Wanda ba shi da kwamfuta sai waya, ya sauke Tricky Bridge, tana da darussan farawa gajeru-gajeru, ta ishe shi makonnin farko. Duk da Turanci za a yi mu'amala da su, amma Turancin ba mai nauyi ba ne.

Sauran ba zan daɗe a kansu ba. Funbridge ta Faransa tana da kyan gani, tana kwatanta sakamakonka da na waɗanda suka buga rabo iri ɗaya, amma rabon kyauta ƙayyadadde ne, sauran sai da kuɗin waje. Jack da WBridge5 sun sha cin gasar duniya ta kwamfutoci, sai dai mai koyon tuƙi ba motar tsere yake nema ba. RealBridge da kyamara da murya ake yin ta, ta masu ƙungiyar wasa ce da data mai yawa. Babban zauren BBO kuwa, inda dubban mutane ke wasa dare da rana, a bar shi sai bayan wata biyu ko uku. Kafin nan a shiga a yi kallo kawai, akwai sashen Vugraph da ake nuna manyan gasanni kai tsaye.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa mai farawa ba: tayi yare ne, kuma ba ɗaya ba ne a duniya. Kawu Acol ya iya, tsarin Ingila, inda buɗe tayi da 1NT, wato tayi mafi ƙanƙanta na babu mai yanka, ke nufin maki 12 zuwa 14. Manhajojin Amurka suna koyar da 15 zuwa 17, kuma ba a buɗe hat ko sifed sai da kati biyar. Mun yi Asabar biyu muna karo da juna kafin mu gane inda gizo ke saƙa. Ka tambayi waɗanda za ka zauna da su wane tsari suke bi tun kafin ka haddace na manhaja.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Ka rubuta bridge a Play Store, abin da zai fito rabinsa wasan gina gada ne, wannan ba laifi, ana gane shi da ido. Masu ruɗin su ne waɗanda ke da hoton karta da sunan Bridge a jiki alhali wani wasa ne daban. Akwai wanda ake kira Call Bridge, ana yinsa sosai a Bangaladesh, wasa ne mai zaman kansa, amma ba shi muke magana ba. Gwajin mai sauƙi ne: in aka jefa katin farko ba ka ga an baje katunan mutum ɗaya a fili ba, ba Bridge ba ne, goge shi. Wani ƙanina a Bukuru ya yi wata guda yana "koyo" a irin wannan, ya zo gidan Kawu da ƙwarin gwiwa, aka fara daga farko.

Sai tarkon gwajin kyauta. Wata manhaja, ba cikin waɗanda na ambata ba, ta ce in sa lambar katin banki in gwada na 'yan kwanaki. Na gwada, ba ta yi mini ba, na goge ta daga waya na manta. Wata na zagayowa sai ga saƙon banki an cire kuɗi, kuma da lissafin dala. Goge manhaja ba ya soke rajista. Sai ka shiga Play Store, sashen biyan kuɗi da rajista, ka soke da hannunka, ka kuma tabbata an rubuta maka ranar da za ta ƙare. In za ka gwada irin wannan, soke ta a ranar da ka shiga.

Mafi muni shi ne na masu tura manhaja a kasuwar waya. Bayan waccan asarar, wani yaro mai shago a cikin gari ya ce zai sa mini "fasasshiya", wadda aka cire mata biyan kuɗi, a kan naira 3,000. Na ba shi. Da na buɗe ta a gida sai ta nemi izinin karanta saƙonnina da ganin lambobin da ke wayata. Me wasan karta zai yi da saƙonnin mutum? Ta nan lambar sirri ta banki ke shigowa. Allah ya taimake ni ban danna amincewa ba, amma sai da na wanke wayar gaba ɗaya hankalina ya kwanta, hotunan sunan 'yata suka tafi a ciki. Kada ka karɓi manhajar Bridge ta Bluetooth ko Xender ko wani mahaɗi da aka turo a WhatsApp. Ka sauke daga Play Store ko App Store ko shafin masu ita, ka duba sunan kamfanin da ke ƙasan sunan manhajar, domin masu kwaikwayo harafi ɗaya suke canzawa. Duk wadda ta nemi BVN ko lambar sirri ko hoton katin shaida don ta koya maka karta, ɓarawo ne ke bayanta. Haka duk zauren da aka ce ka zuba kuɗi ka buga da "ƙwararru" ka ninka. Ko a cikin manyan 'yan wasan duniya an tona asirin masu maguɗi a 2015, a 2020 kuma da wasa ya koma intanet wasu sun amsa da bakinsu cewa suna leƙen katunan kowa ta wata na'ura ta biyu. In haka ta faru a inda ake sa ido, ina ga teburin da baƙo uku suka haɗa baki suna jiran kuɗinka?

Tsarin da nake ba duk wanda ya tambaye ni yanzu shi ne: mako biyu a Learn to Play Bridge ko Tricky Bridge, sannan rabo uku kullum a matakin farko na Bridge Master, kada ka duba amsa sai ka faɗi sau biyu. In ka samu mutum uku, ku fara da MiniBridge, wanda babu tayi a cikinsa, kowa ya faɗi makinsa, ɓangaren da ya fi yawa ya ɗauki alkawari. Da shi muka fara da ƙanin nan nawa na Bukuru bayan ya goge wancan wasan. Asabar ɗin da ta wuce ya riƙe alkawarin ci 9, ya tsaya ya ƙirga kafin ya taɓa kati, ya fara fitar da es ɗin da ba ya hannunsa. Kawu bai ce komai ba, ya dai miƙa masa kwalin ya ce shi zai raba na gaba.