Na sayar da gidana ba dillali, amma sai da mai kimantawa ya sa ni kuka

Wata huɗu ke nan da miƙa makullai, sai yanzu zuciyata ta kwanta har na iya zama in rubuta wannan. Da a makon farko na rubuta, tauraro ɗaya zan ba kamfanin da na bi ta hannunsa na sayar da gidana, shi ma don babu yadda za a ba da sifili. Da kuma ranar da kuɗi suka shigo na rubuta, da biyar na ba su cif. Yau ga ni a tsakiya, kuma zan faɗi dalili.

Kamfanin nan ne mai taimaka wa masu gida su sayar da kansu, ba sai na kama suna ba. Tsarinsu na tsakiya na biya, wanda ya haɗa mai kimanta gida, mai ɗaukar hoto da talla ta wata uku a shafinsu. Abin da ya kai ni gare su kuwa, dillalai uku na kira, kowa ya zagaya gidan minti goma ya faɗi nasa farashin, kuma tsakanin na sama da na ƙasa akwai tazarar da za ta sayi mota. Wanda ya fi yaba gidan shi ne ya fi matsa mini in sa hannu cewa shi kaɗai zai sayar, da la'adar kashi 5 cikin 100. Na zauna na yi lissafi: in aka ƙara wa gidana ɗari, biyar kawai zai samu a ciki, casa'in da biyar nawa ne. To me zai sa ya ƙara wata guda yana wahala a kan biyar? Daga baya na karanta binciken da masana tattalin arziki Steven Levitt da Chad Syverson suka yi a kan cinikin gidaje kusan 100,000 a yankin Cikago ta Amurka, inda suka gano cewa idan gidan na dillalin ne da kansa, yakan bar shi a kasuwa kusan kwana 10 fiye da na mutane, ya kuma sayar da ƙarin kashi 3 da ɗoriya. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, na ce ni zan tsaya wa abina.

A shafinsu akwai wani akwati da za ka rubuta adireshi da yawan ɗakuna, nan take ya ba ka ƙiyasi. Lambar da ya ba ni ta ma ɗara wadda na sa a raina. Daren ranar da murna na kwanta.

Mai kimantawar ya zo ƙarfe tara na safe, dattijo ne mai ƙarancin magana, da ƙaramar jaka a kafaɗa. Ni kuwa ina ɗokin in kai shi kicin, domin shekara biyu da suka wuce na fasa shi gaba ɗaya na sake, tayil har sama, kabad sabbi, famfo mai tsada. Ya leƙa, ya ce, "Masha Allah, Hajiya, ya yi kyau," ya rubuta layi ɗaya ya wuce. Layi ɗaya! Sai ya fito da na'urar awo mai jan haske ya shiga auna ɗaki bayan ɗaki. A ɗakin baya ya tsaya yana shaƙar iska, ya ce in ba shi izini a matsar da kabad ɗin kaya. Muka matsar. Ga fenti ya kumbura kamar ƙuna, daga ƙasa har tsayin gwiwa, ya sa yatsa ya taɓa sai ya zubo gari-gari. Shekara nawa ina kwana a gidan ban san da wannan danshin ba. Ya sa tsani ya leƙa cikin silin da tocila, ya sauko da ƙura a hularsa, ya ce akwai wuri biyu da rufin ke ɗiga. Sannan ya nemi taswirar ginin da hukuma ta amince da ita, ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya daɗe yana duba ta yana duba littafinsa.

"Hajiya, wannan ɗakin na ƙarshe, yaushe aka ƙara shi?"

Na ce shekara takwas ke nan, da yara suka girma. Ya ce ba ya cikin taswira, kuma duk mai sayen da ya zo da lauya mai ido zai gani. Awa uku ya yi a gidan, ruwa kawai ya sha.

Sun ce rahoto zai fito cikin kwana uku, sai rana ta tara ya iso, bayan na buga musu waya har na gaji. Da na buɗe shafin ƙarshe na ga lambar, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Ƙasa take da tawa da kashi 14 cikin 100. Na zauna a bakin gado na yi kuka sosai, domin gidan nan da albashina na gina shi, bulo bayan bulo, a nan na yi renon 'ya'yana, ga wani ya zo ya yi awa uku ya ce bai kai ba. Na kira shi raina a ɓace, na ce masa, "Malam, kuɗin da na zuba a kicin kaɗai ka san nawa ne?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na sani, Hajiya, amma abin da kika kashe daban, abin da mai saye zai biya daban. Buɗe shafi na shida mu bi tare." Minti arba'in ya yi da ni a waya, kuma ba ya cikin abin da na biya.

A shafin akwai gidaje biyar da ke kusa da nawa waɗanda aka sayar cikin wata shida da suka gabata. Ya nanata mini kalmar nan, aka sayar, wato an biya an karɓi takardu. Kowane gida ya raba farashinsa da faɗinsa, ya fitar da kuɗin murabba'in mita ɗaya, sannan ya gyara: wannan filinsa ya fi nawa girma, an rage, wancan yana bakin babbar hanya mai ƙara, an ƙara, wani rufinsa sabo ne, an rage. Da aka gama duk suka taru a wuri ɗaya, tazararsu ba ta da yawa. Kicin ɗina ya samu ƙari, amma bai kai rabin abin da na kashe ba, domin mai saye ba shi ya zaɓi launin tayil ɗin ba, wataƙila ma fasawa zai yi. Sannan ya gwada lambar ta wasu hanyoyi biyu: nawa filin zai yi shi kaɗai haɗe da kuɗin sake irin ginin a yau, a cire tsufa da lalacewa, da kuma nawa gidan zai kawo a shekara in an ba da shi haya. Duka ukun suka zo kusa da juna.

Na ce to gidan maƙwabcina da ke da allo a ƙofa fa, ai ya fi wannan kuɗin nesa ba kusa ba? Ya tambaye ni tun yaushe allon yake wurin. Na lissafa, wata goma sha ɗaya. Ya ce wannan farashin buri ne, ba a kafa hujja da shi. A ƙa'idar aikinsu, in ji shi, darajar kasuwa ita ce abin da mai saye da ya yarda zai ba mai sayarwa da ya yarda, bayan an yi talla yadda ya kamata, kowa ya san abin da yake yi, babu wanda aka tilasta. Da na kawo maganar ƙiyasin shafinsu, cewa ya yi na'ura ba ta matsar da kabad. Daga baya na ga ashe abin ba ƙarami ba ne: kamfanin Zillow na Amurka, wanda ya yi suna da irin wannan ƙiyasi, ya shiga sayen gidaje da kansa bisa lissafin kwamfuta, ya tafka asara, a ƙarshen 2021 ya rufe sashen ya kuma sanar da rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Abin da har yau ban gane ba, me ya sa kamfanin da ke da ƙwararre irin wannan dattijo yake barin akwatin can a fuskar shafinsa yana ɗaga wa mutane rai? Shi ya fara sa ni a hanyar da ba ita ba.

Na ji bayanin, na fahimta, amma ban bi ba. Yayana ya ce, "Ke dai sa sama, ai ciniki ragi ne, in kin fara daga ƙasa ina za ki sauka?" Maganar ta yi daidai da abin da zuciyata ke so. Na sa farashina.

Makonni biyun farko mutane da yawa sun duba tallar, uku suka zo gani, babu wanda ya taya. Daga nan shiru. Sai a mako na biyar wata mata ta fahimtar da ni abin da ban lura da shi ba: mai neman gida a shafin yakan sa iyakar kuɗin da zai iya biya, duk abin da ya haura ba ya ma fito masa. Wato mutanen da gidana ya dace da su ba su taɓa ganinsa ba, waɗanda suka gan shi kuma suna kwatanta shi da gidajen da suka fi shi. A mako na shida wani matashi da matarsa suka so gidan ƙwarai, muka daidaita kusa da farashina, ya ba da kafin alƙalami. Da rancen banki zai biya. Bankin ya turo nasa mai kimantawar, wanda bai san na farko ba, lambarsa ta zo dab da ta dattijon nan, bankin ya ce ba zai ba da rance a kan abin da ya wuce ta ba. Ciniki ya rushe, na mayar da kuɗi. A mako na bakwai wani ya tsaya a tsakar gida ya tambaye ni kai tsaye, "Hajiya, me ke damun gidan ne ya daɗe haka?" Wannan tambayar ta fi rahoton yi mini ciwo. Masu tayin wulakanci ma suka fara kira, don sun ga kwanakin da tallar ta yi.

Na sauke farashi zuwa lambarsa, na gyara danshin da rufin, na bi hanyar shigar da ɗakin baya cikin takardu. Cikin kwana goma sha biyu mutum biyu suka taya, na sallama wa ɗaya a kan abin da ya gaza ƙiyasinsa da kashi 2 cikin 100. Na kira dattijon na ba shi haƙuri a kan yadda na yi masa magana, ya ce babu komai, kusan kowa haka yake yi a ranar farko. Wallahi in don shi ne, kuɗin da na biya ya halatta har da ƙari. Allah ya saka masa da alheri.

Amma kamfanin ba shi kaɗai ba ne, kuma da na tuna sauran sai raina ya sake ɓaci. Wajen cike fom na zaɓi a ɓoye lambar wayata, masu so su turo saƙo ta shafin. Suka sa ta a fili. Kwana biyu wayata ba ta huta ba, kuma yawancin masu kiran dillalai ne da suka zo a rigar masu saye, sai an gama zagaya gida mutum ya ce yana da wanda zai kawo in za a ba shi kasonsa. Abin da na biya kuɗi don in guje masa shi ya biyo ni har falo. Wani ma ya kwashe hotunan gidana ya sa a wani wuri da farashin da ya fi nawa, da lambarsa a ƙasa. Na kai ƙara, kwana shida kafin su amsa, amsar kuma ba ta wuce cewa ba su da iko da abin da ke wajen shafinsu ba. Ni mace ce ni kaɗai a gida da rana, dole na riƙa kiran ɗan'uwana ya zo ya zauna duk lokacin da wani zai shigo, kuma ko sau ɗaya ba su ja kunnena a kan wannan ba.

Mai hoton ma dab da magariba ya zo, falona da ke cike da haske ya fito duhu kamar rumbu, sai da na matsa aka sake. Takardar yarjejeniyar da suka ce tana cikin tsarin kuwa, da na kai wa lauyata ta karanta, ta ce babu inda aka faɗi makomar kafin alƙalami in ciniki ya rushe, babu ranar miƙa gida, ta ajiye ta gefe ta rubuta sabuwa. Da takardar kamfanin na yi amfani ranar da bankin matashin nan ya janye, da rigima ce sabuwa. Duk mai shirin bin wannan hanya ya nemi lauyansa tun kafin ya sa talla, ya kuma tattara takardun mallaka da taswira ya duba su da kyau, kada sai mai saye ya zo ya gano masa abin da bai sani ba.

La'adar da na tsira da ita ta fi abin da na kashe a kan kamfani da lauya da gyara, wannan gaskiya ne. Sai dai makonni bakwai na rashin barci babu wanda zai biya ni, ko da yake rabin laifin nawa ne da na ƙi jin magana. Tauraro uku nake ba su: biyar na mai kimantawa, ɗaya na ofishinsu, aka raba. Kuma kuɗin talla na wata na huɗu da suka cire daga asusuna bayan na sanar da su an sayar da gida, har yau ba su dawo da shi ba. Sau uku ina rubuta musu, jiya na tura na huɗu.