DVR ko NVR, wanne zaka saka a shagon naka?

Malam da ka yi tambaya jiya da daddare, ka ce kana so ka sa kyamara huɗu, biyu cikin shagon kayan masarufi, ɗaya a sito, ɗaya a ƙofar waje, mai sakawa ɗaya ya ce maka DVR, wani kuma ya ce ai DVR ya tsufa yanzu NVR ake yayi, kai kuma ka rasa na kamawa. Toh ga abinda na sani. Ni ba injiniya bane, amma DVR ne a shagona, gidan yayana kuma NVR muka saka kuma ni nake kula masa da shi, duka biyun na sha wahalarsu daidai gwargwado.

Aikinsu dai ɗaya ne, akwati ne da had-disk a ciki yana naɗar abinda kyamara ta gani. Inda suka rabu shine irin kyamarar da irin wayar. DVR yana tafiya da kyamarar analog, wayarsa irin ta dish ce amma siririya, RG59 ake ce mata, da kai na ƙarfe da ake turawa a murɗa, shine BNC, kuma kowace kyamara sai an ja mata wayarta tun daga inda take har bayan akwatin, sannan a ba ta wuta 12V daban, shi yasa zaka ga wayar a haɗe take da wata siririya mai ja da baƙi a gefe. NVR kuma kyamarar IP yake ɗauka, ita kyamarar kanta wata 'yar kwamfuta ce, wayarta Cat6 irin wadda ake jona kwamfuta da ita a kafe, in akwatin mai PoE ne waya ɗayan nan ita ke kai wuta ita ke dawo da hoto, aikin yafi tsafta gaskiya. Sai dai Cat6 iyakarta mita 100, in ka wuce haka sai an ƙara suwic a tsakiya, ita kuwa RG59 mai kyau tana kai hoto mita 300 lafiya lau, illa dai wutar 12V ɗin ce ke raguwa a hanya, sai kaga da rana kyamara garau, dare na yi fitilunta na kunnuwa ta fara ɗaukewa tana dawowa. Naka shago da sito ne, bana jin akwai inda zai kai mita 50, don haka maganar nisa ba taka bace.

Amma wayar ka sa ido. Akwai wadda daga waje jar tagulla, ciki ƙarfe ne ko alminiyam aka yi wa fenti. Ka tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu, in zaren tsakiya na RG59 ya manne masa ba tagulla bace zalla, Cat6 kuma ka kankare zare ɗaya da reza, in fari ya fito ka ajiye musu abarsu. Rabin hoto mai layi-layi da mutane ke zagin DVR a kai, daga waya ne da kan BNC da aka ɗaure da salatif.

Maganar kyan hoto, nan ne mai cewa DVR ya tsufa yake da 'yar gaskiya amma ba duka ba. DVR na da can hotonsa kamar an shafa masa man shanu, na yanzu kuwa akwai 2MP, 5MP har 8MP (MP shine megafiksel, ma'aunin kyan hoto), kamfanin Hikvision suna kiran nasu tsarin TVI, Dahua CVI, sauran kuma AHD, kuma yawancin akwatunan yanzu suna karɓar duka. Abin lura ɗaya, ƙananan DVR masu araha an rubuta musu 1080p Lite, ma'ana kyamararka 1920 a 1080 take gani amma shi 960 a 1080 yake ajiyewa, rabin faɗin kenan, kana kallo kai tsaye zaka ga tas, ranar da ka dawo baya ka yi zumin fuska sai ta tarwatse. NVR baya wannan, abinda kyamara ta turo shi yake ajiyewa, in 4MP ce 4MP zaka samu. Don haka in buƙatarka karanta lambar mota daga nesa ko ganin ko dubu ɗaya aka miƙa ko ɗari biyar a kan kanta, NVR ya fi, babu musu. Amma wallahi inda aka kafa kyamara ya fi megafiksel muhimmanci. Mutanenmu sai a kai ta can ƙololuwa jikin silin don kar a taɓa, sai ka tashi da bidiyon huluna da ɗankwali. Wadda zata kama fuska kar ta wuce mita biyu da rabi, kuma kar ta kalli hasken ƙofa kai tsaye, don wanda ya shigo da rana tsaka baƙin inuwa kawai zaka gani. Ta waje kuma ka karkatar da ita ƙofarka kawai, kar ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, wannan rigima ce da zata kai ku gaban mai unguwa.

Yanzu wuta, wadda a wurina ita ce ta raba gardama. Ɓarawo baya zuwa sai an ɗauke NEPA an kashe janareta, in kayanka basa aiki a lokacin to ado ka saka. DVR mai had-disk ɗaya adaftarsa 12V ce, kyamarorin ma 12V, duka-duka da kyamara huɗu da daddare basu cika wuce wat 40 ba. Lissafa, wat 40 sau awa 12 ya ba ka 480, batir 12V mai 100Ah kuma, 12 sau 100, yana ɗauke da wajen 1200, ko rabinsa kawai ka ja don kar ya mutu da wuri ya isa ya kwana da su. Kuma zaka iya ba su daga batir ba tare da inbata ba, da sharaɗin a sa ɗan regileta a tsakani, don batir in yana caji yana haura 14V kuma had-disk baya son haka. NVR mai PoE kuwa adaftarsa wajen 48V take fitarwa, kenan sai ta inbata, ga kyamarar IP ta ɗan fi ci. A gidan yayana ba matsala don akwai sola da inbata dama, amma shago da za'a kulle ƙarfe tara a tafi, DVR ya fi sauƙin riƙewa. Talabijin ɗin kallo kar ka sa shi a lissafi, a kashe shi, naɗi baya buƙatarsa.

Had-disk duka biyun iri ɗaya suke ci. Ka nemi wanda aka yi don kyamara, WD Purple ko Seagate SkyHawk, ba wanda aka zaro daga tsohuwar kwamfuta aka goge ba. Kyamara ɗaya a kan 2Mbps tana cin kusan 21GB a kwana, huɗu 86GB, kenan 1TB kwana 11 da ɗoriya sai ya fara goge na baya yana hawa kai. In ka kunna H.265 maimakon H.264, wato tsarin matse bidiyo a saitin akwatin, kwanakin zasu iya kusan ninkawa. Kyamarar IP mai 4MP kuwa ta fi haka ci, don haka wanda ya sayi NVR ya sa 1TB sati ɗaya ma da ƙyar. Mai shago ba ranar da aka yi ɓarna yake ganewa ba, sai ranar lissafi, ni 2TB nake ba ka shawara.

Saitin farko kuma, nan nake so ka tsaya a kansa da kanka ko wanne ka saya. Ni abinda ya same ni, wanda ya saka min ya gama aiki, hoto huɗu ya fito a talabijin, akwatin yana ta ƙara ƙit ƙit ƙit, na ce wannan kukan fa, ya ce ba komai, ya ɗauki mawus ya danna wani wuri kukan ya tsaya, na cika masa kuɗinsa har da na mai. Sati uku ina zaune ina kallon yara a talabijin ina jin kaina, ranar da katan biyu na madara suka yi ƙafa daga sito na shiga wurin dawo da bidiyo, wayam, ko minti ɗaya babu. Ashe kukan nan akwatin ke faɗa cewa ba'a yi wa disk fomat ba, shi kuma maimakon ya yi fomat ɗin sai ya kashe ƙararrawar. Don haka ka shiga wurin ma'ajiya ka ga disk ɗin ya nuna lafiya da girmansa, ka ga ɗan jan alamar naɗi a kusurwar kowane hoto, ka kunna goge na baya in ya cika. Sai agogo, a sa GMT+1, shine namu da Nijar, 'yan Ghana ku naku GMT ne ba ƙari. In kaga duk sanda aka ɗauke wuta kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batir ne irin na agogo a cikin akwatin ya mutu, a canza shi, don bidiyo mai kwanan wata na ƙarya ko gaban 'yan sanda ka kai shi gardama zai jawo.

Fasawod kai zaka sa da hannunka, ba 12345 ba, ba lambar wayarka ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban DVR da kyamarori a duniya saboda kawai masu su basu canza fasawod ɗin kamfani ba, aka haɗa su aka kai hari har Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa a Amurka. A nan NVR ya fi son kulawa don kowace kyamara tana da nata fasawod da nata adireshin IP, in ka haɗa kamfani daban-daban sai ka bi ta ONVIF, tsarin da ke sa kayan kamfanoni daban su fahimci juna, wani lokaci hoto ya zo amma gane motsi ya ƙi. DVR kuwa ka murɗa waya hoto ya fito, shikenan.

Kallo a waya kusan ɗaya ne. Rauta mai sim, a ja waya daga ita zuwa akwatin don yawancinsu basu da wayfay, ka sauke Hik-Connect in Hikvision ne, DMSS in Dahua ne, marasa suna galibi XMEye, ka ɗauki hoton lambar QR. Amma asusun a buɗe shi da lambarka ko imel ɗinka, don a Hik-Connect akwati asusu ɗaya yake ɗaurewa, in mai sakawa ya ɗaura a nasa kai ɗan aro ne a kayanka, yana ganin shagonka daga ɗakinsa. In kana kallo ka bar shi a ƙaramin hoto, babban yana shan data kamar rijiya.

Toh ni dai a naka, DVR zan ce, amma mai ƙofa 8, wato wurin jona kyamara 8, ba 4 ba, don wata biyu zaka ce ina ma an sa ɗaya a kan kanta, kuma wanda ke naɗar cikakken 1080p ko 5MP, ba Lite ba. Rarar kuɗin da zaka kai wa NVR ka zuba ta a waya mai kyau, 2TB da batir. In da gidan mai ne ko makaranta ko babban sito mai kyamara goma sha, da NVR zan ce maka. Akwatin kuma kar a ajiye shi kan kanta kusa da talabijin, wanda ya shigo shi zai fara ɗauka ya tafi da shaidar gaba ɗaya, kuma kar a cusa shi cikin silin ƙarƙashin kwano, zafin watan Afrilu zai dafa disk ɗin, a samu wani lungu mai iska a ja wayar HDMI zuwa talabijin. Lokacin hunturu ka riƙa goge gilashin kyamarar waje, ƙura da yanar gizo-gizo suna mayar da hoton dare fari fat.

Kuma kar ka cika kuɗin aiki ranar da aka gama. Ka bari ya kwana, da safe ka sa shi ya nuna maka ƙarfe biyun dare, ka ga hoton da idonka, sannan ka sa filash ka kwafo minti biyar da hannunka ka buɗe a wayarka ko kwamfuta, in ya buɗe sai ka ba shi cikonsa.