Man ɓawon lemun tsami: ya yi mini aiki a kicin, ya bar mini tabo a wuya

A farkon watan Maris na sayi ƙaramar kwalbar man ɓawon lemun tsami mai mililita 30 a hannun wata mata da ke tallata kayanta ta WhatsApp a nan cikin Kano. A jikin kwalbar an rubuta cewa man yana kashe ƙwayoyin cuta, yana maganin ƙuraje, kuma yana gyara fata. Ni malamar kimiyyar halittu ce a makarantar sakandare, don haka maganar farko ba ta ba ni mamaki ba, domin na san cewa an sha gwada man da ake samu daga ɓawon lemun tsami a ɗakunan gwaji, an kuma ga yana hana wasu bakteriya yaɗuwa a kan farantin gwaji, musamman irin su Staphylococcus aureus da ke haddasa maruru da ƙurajen fata, yayin da irin su E. coli suka fi shi taurin kai.

Makonni biyar na farko na ji daɗinsa ƙwarai. Nakan ɗiga ɗigo huɗu ko biyar a cikin ruwan ɗumi mai sabulu, tunda mai ba ya gauraya da ruwa zalla, sannan in goge katakon yankan nama da cikin firji. Ƙarnin kifi da ya daɗe yana damuna ya ɓace, maiƙon da ke manne a jikin murhun gas kuma ya riƙa fita ba tare da na sha wahalar dirza ba. Wannan aikin sinadarin limonin ne, wanda shi ne ya fi yawa a cikin man, kuma an san shi da narkar da maiƙo. Ban daina wanke katakon da sabulu da ruwan zafi ba, saboda abin da ya yi aiki a farantin gwaji ba lallai ne ya isa ya tsare iyali daga cutar ɗanyen nama ba. Duk da haka na yaba da shi, har na faɗa wa abokan aikina biyu su saya.

Da bazara ta kankama a watan Afrilu, ƙurajen zafi suka feso mini a wuya da bayan hannu. Na tambayi mai sayarwar ko zan iya shafawa, ta amsa mini da cewa, "Hajiya, shafa abinki kai tsaye, ai na gargajiya ne, ba ya cutarwa." Ranar wata Asabar da safe na shafa shi zalla, ban haɗa da komai ba, na shiga adaidaita sahu zuwa Kantin Kwari neman atamfar anko, na yi kusan awa uku ina zagayawa cikin rana da ɗan siririn mayafi. A ranar ban ji komai ba sai ɗan raɗaɗi. Washegari da yamma wurin ya yi jawur, ranar Litinin kuma na wayi gari da bororo jere a gefen wuyana da bayan hannuna, kamar wadda tafasasshen ruwa ya fallatsar wa, har ana ganin sawun yatsun da na shafa man da su. Ban iya zuwa makaranta ba har kwana huɗu, ko mayafi ya taɓa wurin sai hawaye ya zubo mini.

Likitan fatan da na gani yana duban wurin ya ce, "Malama, kin taɓa lemun tsami kafin ki shiga rana?" Ya bayyana mini cewa ɓawon yana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira furokumarin, waɗanda idan suna kan fata hasken rana ya same su sai su ƙona ta, ƙunar kuma ba ta bayyana nan take sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ya ƙara da cewa hanyoyin fitar da man iri biyu ne. Akwai wanda ake matse ɓawon a sanyi, shi ne mai ɗauke da waɗannan sinadarai, akwai kuma wanda ake fitarwa da tururi, wanda kusan babu su a cikinsa. Na matsen, in ji shi, idan har za a sa a fata, sai an tsarma shi cikin man kwakwa ko na zaitun har ya kasance ƙasa da kashi 1 cikin 100, kuma a guji rana bayan shafawa.

A nan ne raina ya ɓaci, domin da na dawo gida na juya kwalbar ta kowane gefe, babu inda aka rubuta ta wace hanya aka fitar da man, babu gargaɗi a kan rana, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC. Kwalbar ma fara ce tas, alhali irin wannan mai a kwalba mai duhu ake adana shi, saboda haske da iska suna sauya limonin ya koma abin da ke tayar da ƙaiƙayi. A garin da rana take kamar ta Kano, sayar wa mata wannan abu da sunan gyaran fata ba tare da kalma ɗaya ta gargaɗi ba zalunci ne. Da na aika wa mai sayarwar hoton wuyana, amsar da ta ba ni ita ce wai jikina ne bai karɓa ba.

Yau wata uku ke nan, bororon ya warke amma baƙin tabon yana nan, likita ya ce zai iya ɗaukar watanni kafin ya dushe. Na kira abokan aikin nan biyu na roƙe su kada su sa shi a jiki, ɗaya daga cikinsu ashe tana shirin shafa wa 'yarta a fuska. Ragowar man yana kan kanta ta sama a kicin inda yara ba sa kaiwa, ina goge firji da shi sanye da safar hannu, kuma idan ya ƙare ba zan sake saye a hannun matar nan ba.