Wayback Machine: Rumbun da ba ya mantuwa

Aikina tantance labarai ne, kuma ba ni da kayan aikin da ya kai Wayback Machine, rumbun da ke adana kwafin shafukan intanet. Gidauniyar Internet Archive ce ke gudanar da shi daga San Francisco a Amurka. Brewster Kahle ya kafa ta a 1996, aka buɗe rumbun ga jama'a a 2001, kuma kyauta ne.

Ka liƙa adireshin shafi, sai kalanda ta fito da ɗigo-ɗigo masu launi a kan ranakun da aka ɗauki kwafinsa. Ka danna ɗaya, ga shafin nan yadda yake a ranar. Idan ɗan siyasa ya goge alkawarinsa, sau da yawa nan nake tono shi. Akwai kuma Save Page Now, inda kai da kanka za ka adana shafi kafin a taɓa shi.

Amma abin da ke damuna shi ne sirrin mutane. Yarinyar da aka wallafa hotonta ba da izininta ba, ko mutumin da aka baza lambar wayarsa, ko da asalin shafin ya cire, kwafin na iya zama a rumbun. Suna karɓar buƙatar cirewa ta imel, su duba, amma ba su yi alkawarin amincewa da kowace ba. A Oktoban 2024 ma aka bayyana cewa masu kutse sun sace bayanan asusun masu amfani da Internet Archive kimanin miliyan 31.

Ina ba 'yan jarida da ɗalibai shawarar amfani da shi. Idan za ka buɗe asusu, ka sa kalmar sirri daban da ta imel ɗinka.