iPad ko Galaxy Tab Active3: wacce ta fi jure faɗuwa?

A unguwar Nima ta birnin Accra kwamfutar hannu ba ta zaman tebur. Tana hannun ɗan makaranta, tana jakar mai shago, tana shan matsi a torotoro, wato motar haya. Faɗuwa kuwa ba makawa.

iPad jikinta alminiyam ne, gwanin kyau, sai dai in kusurwa ta daki siminti ƙarfen kan loɓa, gilashin ya tsage daga nan. Sauƙin abin shi ne, a iPad ta 9, ta 2021, gilashin sama ba a manne yake da allon ba, don haka masu gyara a Tip Toe Lane, layin masu wayoyi can unguwar Circle a Accra, shi kaɗai suke canzawa. A iPad Pro manne suke, kuɗin gyara sai ka riƙe baki.

Galaxy Tab Active3 ta 2020 don wahala aka ƙera ta. Samsung ya ce in tana cikin rigarta takan jure faɗuwa daga tsayin mita 1.5, tana jure ruwa da ƙura, batirinta ma ana cire shi a sa wani. Allon dai inci 8 ne kacal, ga kauri.

Ni kam, in don yayata mai sayar da atamfa a kasuwar Nima ne, Samsung ɗin zan saya mata.